Yadda ake musun gwanin gwanayen ƙwallon kwando ba tare da an tashi baram-baram ba

A Jos, musun wanda ya fi kowa a tarihin ƙwallon kwando yakan tashi ne a gefen fili bayan an gama atisayen yamma, ko a teburin mai shayi a titin Bauchi da Unguwar Rogo idan sanyi ya sauko kowa ya rungumi kofinsa. Samari kan ce GOAT suke nema, kalmar Turanci da in an karanta ta yadda take sai a ce an kira mutum akuya. Mu dai gwanin gwanaye muke nufi. Yawancin irin wannan musu yadda ya fara haka yake ƙarewa: wani na ihun kofi 6, wani na ihun maki 40,000, shayi ya huce, ba wanda ya saurari wani. Ba ƙarancin sani ke jawo haka ba. Mutum biyu ne ke amsa tambayoyi biyu daban, kowannensu yana zaton tambaya ɗaya ce.

A yanke tambayar kafin a kira suna

Kalmar "ya fi kowa" tana ɗauke da tambayoyi aƙalla uku. Wa ya fi iya wasa lokacin da yake ganiyarsa? Wa ya fi daɗewa yana bugawa a matakin ƙoli? Wa ya fi kai ƙungiyarsa ga kofi? Amsar ta farko ta fi karkata ga Michael Jordan. Ta biyu ta LeBron James ce, sai Kareem Abdul-Jabbar a bayansa. Ta uku babu musu ta Bill Russell ce, mai kofi 11 a kakar wasa 13.

Don haka ku samu takarda da biro, ku raba maki 100 tsakanin ma'aunan tun kafin kowa ya ambaci gwaninsa. Rabon da muke ganin ya fi adalci shi ne 35 ga ganiya, wato kaka 5 mafi kyau da ɗan wasa ya yi, 25 ga abin da ya yi a wasannin neman kofi, wato zagayen fitar da gwani na ƙarshen kaka, 20 ga daɗewa, 15 ga tsaro, 5 kuma ga yadda ya canza salon wasan. Kuna iya canza lambobin yadda kuka ga dama. Abin da ba za ku yi ba shi ne canza su bayan an fara. Da zarar an kira suna, kowa zai ja ma'auni zuwa inda gwaninsa ya fi ƙarfi: mai son Jordan ya ce daɗewa ba komai ba ce, mai son LeBron ya ce kofi aikin mutum biyar ne.

Masu musu kada su wuce 4, kowa da ɗan wasa ɗaya. A samu alƙali wanda ba shi da ɗan takara, ya riƙe takarda da agogo. Kowa minti 3 a kan kowane ma'auni, sai minti 1 na raddi. Waya ɗaya tak za a yi amfani da ita wajen duba lamba, a hannun alƙali, a kan shafin Basketball Reference ko na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka da ake musu a kanta. Hoton da aka turo ta WhatsApp mai ɗauke da fuskoki biyu da jerin lambobi a tsakiya ba hujja ba ne, domin wanda ya haɗa shi ya riga ya zaɓi lambobin da za su ba gwaninsa nasara.

Lissafin zamani, inda yawancin mutane ke zamewa

Maki 30 na 1962 da maki 30 na 1997 da maki 30 na bana ba kuɗi ɗaya ba ne, kamar yadda naira 100 ta da ba ta yanzu ba ce. Abin da ke bambanta su shi ne yawan hari, wato sau nawa ƙungiya ke riƙe ƙwallo ta nufi kwando a cikin minti 48. A farkon shekarun 1960 ana gudu ne ba tsayawa, an ƙiyasta hari 125 zuwa 130 a wasa ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 wasa ya yi sanyi har ya sauko wajen 90. Yanzu yana kusa da 100.

Ga yadda ake gyara lissafin. Ka ɗauki harin ƙungiya a wasa ɗaya, ka ninka shi da mintocin da ɗan wasan ke bugawa, ka raba da 48. Abin da ya fito shi ne harin da aka yi yana cikin fili. Sai ka raba makinsa da wannan lamba, ka ninka da 100.

A kakar 1961-62 Wilt Chamberlain yana cin maki 50.4 a kowane wasa, kuma ba ya hutawa: matsakaicin mintocinsa 48.5 ne, fiye da tsawon wasan kansa, saboda ƙarin lokaci. Idan aka raba 50.4 da hari kusan 130, ya tashi da maki 38 zuwa 39 a kowane hari 100. Jordan kuwa a kakar 1986-87 yana cin 37.1 a minti 40, ƙungiyarsa na kai hari kusan 96. Minti 40 cikin 48 na 96 ya kama 80, to 37.1 a hari 80 ya zama maki 46 da ɗoriya a hari 100. Ga ido Wilt ya ba shi tazarar maki 13, a lissafi kuwa Jordan ne a gaba. Wannan bai rage wa Wilt komai wajen juriya ba, don har yau ba a samu wanda ya sake buga mintoci haka ba, balle maki 100 da ya ci ranar 2 ga Maris 1962.

Lissafi na biyu shi ne tsadar makin: jifa nawa aka ɓatar kafin a same shi. Ka ninka jifan kyauta, wanda ake ba mutum idan an yi masa ƙeta, da 0.44, ka haɗa da sauran jifan da ya yi, ka ninka jimlar da 2, sannan ka raba makin da abin da ya fito. Misali wanda ya ci 30 da jifa 22 da jifan kyauta 8: 8 sau 0.44 ya ba da 3.52, a haɗa da 22 ya zama 25.52, sau 2 ya zama 51.04, to 30 a kan 51.04 kashi 58.8 ne cikin 100. Wanda ya ci 30 ɗin da jifa 28 da jifan kyauta 4 zai tashi da kashi 50.4. Maki ɗaya suka ci, amma na biyun ya cinye wa 'yan uwansa hari kusan 4. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ɗauki kason ɗan wasan yau a jera da na ɗan wasan da. Kowa da matsakaicin kakarsa za a gwada shi, a ga tazarar da ya ba tsaransa.

Dalili kuwa dokoki sun yi ta canzawa. Sai a kakar 1979-80 aka shata layin maki 3, wanda in an ci jifa daga bayansa ake ba da maki 3, kuma a shekarar farko ƙungiya ba ta kai jifa 3 daga can a wasa ɗaya ba. Yanzu ana wuce 35. Kareem ya tara maki 38,387, cikinsu jifa ɗaya tak ya ci daga bayan layin a duk rayuwarsa ta NBA. Daga 1994 zuwa 1997 an matso da layin kusa da kwando, saboda haka duk wanda ya kawo ƙwarewar Jordan a jifan nesa daga waɗannan shekarun, a tuna masa. Masu son Jordan kan ce a zamaninsa ana dafa mutum da hannu ana tare shi, kuma gaskiya ne, sai a kakar 2004-05 aka tsananta hana hakan. Amma su ma akwai abin da ba sa faɗa. Kafin 2001 doka ta hana tsaron yanki, dole kowa ya bi mutuminsa, ba a yarda a tsaya tsakiya ana jiran gwani ba. Abin nufi, ana iya kwashe mutum huɗu zuwa gefe ɗaya a bar Jordan da mai tsaronsa su biyu. LeBron bai taɓa samun wannan sararin ba, Jordan kuma bai samu filin da masu jifan nesa suka buɗe wa 'yan yau ba. Duk wanda ya kawo rabin wannan magana ya bar rabi, alƙali ya ƙarasa masa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta ba sam. Ba a fara ƙidaya tare jifa da ƙwace ƙwallo ba sai kakar 1973-74, bayan Russell da Wilt duk sun yi ritaya. Kyautar gwarzon wasan ƙarshe a 1969 aka fara ta, kakar Russell ta ƙarshe. Kyautar gwarzon tsaro sai 1983. Idan takardarku ta nuna sifili a gaban Russell a waɗannan wurare, ba sifili ba ne, babu mai rubutawa ne a lokacin.

Maganar kofi

Wanda ya ce kofi ne kaɗai ma'auni, a tambaye shi Robert Horry. Kofinsa 7, biyu da Houston, uku da Lakers, biyu da San Antonio, ya fi Jordan da ɗaya, alhali matsakaicin makinsa 7 ne kuma ba a taɓa zaɓensa cikin wasan taurari ba. Nan take mai maganar zai ce ai yana nufin wanda ya ja ragamar ƙungiya. Madalla, an samu ci gaba. To sai a ƙidaya kofin da mutum ya ci yana jagora, a kuma duba hanyar da aka bi. A farkon zamanin Russell ƙungiyoyi 8 ne kacal a gasar, kuma yawancin shekarun zagaye 2 ƙungiyarsa Boston ke ci ta ɗauki kofi. Yanzu ƙungiyoyi 30 ne, zagaye 4. Amma ƙarancin ƙungiyoyi na nufin gwanaye sun cunkushe wuri ɗaya. Russell ya haɗu da Wilt sau 8 a wasannin neman kofi, ya fitar da shi sau 7.

Sai shahararriyar hujjar nan ta 6 cikin 6. Jordan ya je wasan ƙarshe sau 6, a 1991, 1992, 1993, 1996, 1997 da 1998, ya ci duka, shi ne gwarzo a duka, kuma a jerin karawa 7 da wanda ya fara cin 4 ke ɗaukar kofi, ba a taɓa kai shi ta bakwai ba. LeBron ya je sau 10, ya ci 4, a 2012, 2013, 2016 da 2020. A baki wannan kamar an gama magana. Sai dai lissafin yana hukunta wanda ya kai ƙarshe ya faɗi, ya kyale wanda aka kora tun a hanya. An fitar da Jordan a zagayen farko a 1985, 1986 da 1987, ya ci wasa 1 cikin 10, Detroit kuma ta tare shi shekara uku a jere daga 1988 zuwa 1990. Faɗuwa a wasan ƙarshe ba ta fi faɗuwa a zagayen farko muni ba. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta inda kowace kaka ta ƙare: kofi maki 5, kaiwa ƙarshe 3, kusa da ƙarshe 2, a haɗa, sannan a raba da yawan kakar da mutum ya buga.

Idan Jordan ka ɗauka, ko LeBron

Mai kare Jordan ya tsaya a kan ganiya, nan ne ba a iya ture shi. Sau 10 yana fin kowa maki a kaka. Matsakaicinsa 30.1, a wasannin neman kofi kuma ya hau zuwa 33.4, wato yana ƙaruwa ne lokacin da tsaro ke ƙara tsanani. A 1988 ya haɗa kyautar gwarzon kaka da ta gwarzon tsaro da ta yawan maki. A wasan ƙarshe na 1993 da Phoenix yana cin 41 a kowace karawa. Ka shirya wa raddi biyu. Za a ce maka kaka 15 kawai ya buga, biyu cikinsu a Washington yana dab da shekara 40. Za a kuma ce da ya tafi a 1993, ƙungiyarsa Chicago Bulls ta ci wasa 55, alhali da shi 57 ta ci a kakar da ta wuce. Amsar ta biyun ita ce an kawo Toni Kukoc da Steve Kerr a shekarar, kuma duk da haka a zagaye na biyu aka fitar da su.

Mai kare LeBron ya tsaya a kan daɗewa da faɗin aiki. Tun 2003 yake bugawa, ya wuce Kareem ranar 7 ga Fabrairu 2023, ya tsallake maki 40,000 a Maris 2024, ya kuma kai wasan ƙarshe sau 8 a jere daga 2011 zuwa 2018. Babbar hujjarka wasan ƙarshe na 2016 ne, yana Cleveland: Golden State da ta ci wasa 73 a kakar tana gaba 3 da 1, ya ci 41 a karawa ta biyar, ya sake cin 41 a ta shida, ya kuma fi duk 'yan ƙungiyoyin biyu maki, da cafe ƙwallon da ta kuskure kwando, da ba da ƙwallon da aka ci, da ƙwace, da tare jifa. Da ya bar Cleveland a 2010, ta faɗo daga nasara 61 zuwa 19, ko da yake koci da wasu manyan 'yan wasa ma sun tafi a shekarar. Rauninka 2011 ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya je da Dwyane Wade da Chris Bosh, Dallas ta doke su, matsakaicinsa 17.8, a karawa ta huɗu maki 8 kawai ya ci. Kada ka ɓata mintocinka wajen wanke wannan. Ka amince, ka wuce. Alƙali nagari ya fi ba da maki ga wanda ya karɓi rauninsa fiye da wanda ya ce rafali ne.

Waɗanda ake mantawa

A ganinmu Kareem ne aka fi zalunta a teburan shayi. Kyautar gwarzon kaka 6, ba wanda ya kai shi, Jordan da Russell 5 ne, LeBron 4. Kofi 6. Kaka 20. Ya zama gwarzon wasan ƙarshe a 1971, ya sake zama a 1985, tazarar shekara 14. Kafin nan ya ci kofin jami'o'i 3 a jere da UCLA. Abin da ya rage masa farin jini shi ne ganiyarsa ta faɗo a shekarun 1970 lokacin da ba a cika nuna wasan a talabijin ba, kuma kofi 5 cikin 6 tare da Magic Johnson ya ci su. A duk musun mutum huɗu, a tabbata wani ya ɗauke shi.

Hakeem Olajuwon kuwa namu ne, haifaffen Legas, kuma shi aka fara zaɓa a 1984, Jordan na uku. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma kukan nan da hujja: a 1994 ya haɗa gwarzon kaka da gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara ɗaya, ya tare jifa 3,830 wanda shi ne mafi yawa tun da aka fara ƙidaya, kuma a Fabrairun 1995 an ba shi gwarzon wata yana azumin Ramadan. Za a ce ya ci kofinsa 2 ne Jordan ba ya nan. Na 1994 gaskiya ne. Na 1995 kuwa Jordan ya dawo tun Maris, Orlando ta fitar da shi, ita kuma Orlando ɗin Hakeem ya share ta 4 da babu. Wannan ya isa ya sa shi cikin goman farko. Bai isa ya ba shi na ɗaya ba, kuma wanda ya ɗauke shi ya san haka tun daga gida.

Kobe Bryant da Stephen Curry suna da masoya da yawa a Jos. Kobe kofi 5 amma gwarzon kaka sau 1. Curry zai kwashe makin canza salo gaba ɗaya, tunda shi ya ci jifan maki 3 har 402 a kaka ɗaya, sai dai makin wannan ma'auni 5 ne.

Gani ya kori ji

Wasannin NBA tsakar dare suke kamawa a Najeriya, daga wajen ƙarfe 12:30 zuwa asuba, shi ya sa yawancin masu musu guntayen bidiyo na daƙiƙa 30 suka sani. Guntun bidiyo ba ya nuna jifan da ya kuskure, ba ya nuna inda gwani ya tsaya yana kallo aka wuce shi. A sa sharaɗi: mako guda kafin zama, kowa ya kalli cikakken wasa ɗaya na ɗan wasan abokin hamayyarsa, ba nasa ba. A sauke shi da datar dare, a tura wa juna. Yayin kallo, a ɗauki kwata ɗaya, minti 12, a bi ɗan wasan da ido ko ƙwallo ba ta hannunsa. A rubuta sau nawa aka haɗa masa mutum biyu, me ya yi da aka haɗa masa, sau nawa ya koma tsaro a guje, sau nawa ya tsaya gardama da rafali. Waɗannan huɗun ba sa cikin kowane jadawali, kuma da su za a ba da makin tsaro ga wanda lambobinsa ba su nuna ba.

Inda zama ke lalacewa

Sau da yawa tsara ce ke kawo rikici. Dattijon da ya ga Jordan a kaset ɗin bidiyo a shekarun 1990 yana ganin ana raina zamaninsa ne, yaron da ya tashi da waya yana ganin ana hana shi magana don shekaru. Alƙali ya hana "kai yaro ne, me ka sani" da "Baba, zamaninku ya wuce" tun farko, duk wanda ya faɗa a cire masa maki 2. Yaro in zai yi raddi ga babba ya ce, "Baba, a gafarce ni, a duba mana wannan lambar," waya ta yi masa magana. Haka kuma a hana zancen da a ce: da a ce Jordan na yau, da a ce LeBron na da. Ba abin da za a duba a waya, don haka ba ya ƙarewa. Rayuwar gida, da kuɗi, da cinikin takalma su ma a bar su waje, sai dai in an ba su ma'auni a takarda tun farko. Kada a sa kuɗi a kan sakamako, don da zarar an sa, ba mai sake amincewa da rauni.

Bayan an gama, alƙali ya ba kowane ɗan wasa maki a kowane ma'auni, ya karanta a fili ɗaya bayan ɗaya tare da dalili, kafin ya haɗa jimla. Da rabon da muka bayar a sama, Jordan kan fito gaba da ɗan rinjaye. A ɗauke 10 daga ganiya a ƙara wa daɗewa, LeBron zai iya wucewa, Kareem ya matso kusa. Idan tazarar ba ta kai maki 5 ba, a rubuta canjaras, a ajiye takardar wurin mai shayi, a zama na gaba kowa ya ɗauki ɗan wasan da ya yi wa raddi a wannan.